Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa: Yallaɓai, ina tsohon mudun?

Assalamu alaikum Yallaɓai, ranka shi daɗe.

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato, kayan gini nike saidawa, siminti da kwano da rodi da ƙusa, in albasa ta yi araha lokacin cira kuma in saya in zuba a rudu in jira ta yi daraja. Karatuna bai wuce difloma ba, amma ina da 'yan hannayen jari da na fara saye tun 2007 kuma har yau ban daina leƙa kasuwar ba, to ka ga ko ba a gayyace ni ba ina da ɗan abin cewa. In Sakkwatanci ya kutso cikin rubutun a yi mani haƙuri, wanda zai fassara maka ya san yadda zai yi da shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki waya nike ta wanga dogon rubutu. Mu tara ne muke da wata 'yar ƙungiya, adashe ne ya girma ya zama jari, duk shekara mukan zauna a shagona bayan la'asar mu yanke inda za a sa kuɗin. Zaman bana sai ɗan yayata ya shigo, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya gama jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya buɗe waya shina nuna mana zane-zane, wai a zuba kuɗin a kasuwar hannun jari don kasuwa na ta hawa, kuma ƙasa ta kama hanya tunda hukuma ta ce rashin aikin yi bai kai kashi 5 cikin 100 ba, hauhawar farashi ma ta sauko. Dattijon cikinmu, wanda ya fi mu duka kuɗi kuma bai taɓa zama ajin boko ba, ya bari sai da yaron ya ƙare tukun ya ce, "To ɗana, kai da kac ce kowa na da aiki, kai wane aiki kaka yi?"

Yaro ya yi tsit. Shekara uku ke nan da gama bautar ƙasa, abin da yake yi shi ne in abokinshi mai POS zai tafi sallah ko cin abinci ya zauna mashi a tebur, a ba shi na kati. Ni kuma da baƙin bakina na ce ai a lissafin hukuma kai ma'aikaci ne, tunda ka yi awa guda cikin mako an biya ka. Shago ya ɗauki dariya, har shi yaron. Sai da na koma gida na kwanta abin ya daina ba ni dariya.

Yallaɓai ka fi ni sanin alƙaluman amma bari in maimaita saboda masu karatu. Rahoton hukumarku na ƙarshen 2020 ya ce marasa aikin yi kashi 33.3 ne cikin 100, mutum ɗaya cikin uku ke nan. Daga nan anka yi shiru, shiru mai tsawo, sai watan Agustan 2023 kunka fito da sabon rahoto wanda ya ce ƙarshen 2022 kashi 5.3 ne, farkon 2023 kuma kashi 4.1. Kuma ka duba lokacin da ya fito, wata uku bayan cire tallafin mai, mutane na ajiye motoci suna komawa kabu-kabu, iyakar Illela a rufe saboda juyin mulkin Nijar, 'yan dako da direbobi na zaune a tasha suna kallon juna. A cikin wanga hali mutum ya kunna rediyo ya ji wai rashin aiki ya faɗo daga 33 zuwa 4. Mi kake tsammani zai ce?

Ni ban ce kun yi ƙarya ba, kuma duk wanda ya ce haka a gabana nikan yi mashi gardama. Na karanta bayanin, na gane abin da anka yi. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, daga 20 zuwa 39 a ce aikinshi bai cika ba, sai 40 ne cikakken ma'aikaci. Yanzu kun koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da sauran ƙasashe ke amfani da shi, awa ɗaya cikin kwana bakwai in dai don kuɗi ko riba anka yi ta, to mutum na da aiki. Kuma kafin a kira ka marar aiki sai ya zama ba ka yi komi ba sam, kana nema, kuma a shirye kake ka fara. Na yarda in za a gwada Najeriya da Ghana ko Kenya dole a auna da kwano iri ɗaya. Na kuma yarda tsohon lissafin ma ba wahayi ba ne, mutane ne sunka zauna sunka tsara shi.

Amma Yallaɓai, ma'aunin ga an ɗinka shi ne a jikin ƙasashen da in aikinka ya ƙare gwamnati ke ba ka ɗan abin sawa a baki har ka sami wani. A can mutum na iya zama wata uku ba abin da yake yi sai rubuta takardar neman aiki. A nan wa ke da wagga dama? Wanda bai fita ba yau gidanshi ba a ɗora tukunya. Shi ya sa za ka ga mai digiri na tura kurar ruwa a Mabera, wani na saida rake, wani na yankan farce, wani ya hau mota ya yi kudu cin rani. Rashin aikin yi irin wanda takardarku ke nufi sai ɗan gata, wanda ke da uba ko yaya mai ciyar da shi har ya gama jiran gwamnati ta ɗauki ma'aikata. Ko a rahotanninku ai masu ilmi mai zurfi sun fi waɗanda ba su yi boko ba yawan rashin aiki, kuma dalilin ke nan, talaka tilis ba shi da halin zama. To ka ga a ƙasa irin tamu ƙanƙantar wannan lamba tana iya zama shaidar tsananin talauci, amma in ta shiga bakin ɗan siyasa sai ta koma shaidar ci gaba.

Ga kuma manomin da ya noma gero don gidanshi kawai bai kai kasuwa ba, sabon tsari bai sa shi cikin masu aiki ba, in ba ya neman wani aiki kuma bai shiga cikin marasa aiki ba. Ga mutumin Isa ko Sabon Birni da 'yan bindiga sunka raba da gonarshi, yana raɓe a kangon wani a cikin gari, in ya yi dakon buhu biyu a Kasuwar Daji ranar Talata shi ke nan ya zama ma'aikaci har mako ya zagayo. Subhanallahi.

Abin da ya fi ɗaure mana kai mu Sakkwatawa shi ne, hukumar nan taku ce dai a 2022 ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, ta ce mutum miliyan 133 ke ciki, kashi 63 na 'yan ƙasa, kuma jihar da ta fi kowa ita ce tamu, kashi 91 cikin 100. Ya yi mana zafi, wasu sun yi ta musu, amma wanda ya san ƙauyukanmu ya san ba a yi mana ƙazafi ba. To ofis guda ya ce mana tara cikin goma matalauta ne, ya dawo bayan shekara ya ce kusan kowa na da aiki. Na san a wurin masana babu karo tsakanin biyun, ku da kanku kun rubuta cewa sama da kashi 90 na masu aikin ba aikin ofis ko kamfani mai rajista suke yi ba, buga-buga ce. Sai dai wannan na can cikin shafukan tsakiya inda ba mai kaiwa, abin da ke fita a kanun labarai 4.1 ne.

Mu 'yan kasuwa akwai abin da munka sani tun muna yara. In sarkin kasuwa ya ce daga yau an canza mudu, ba a hana shi, amma sai an aje tsoho kusa da sabo a zuba hatsi a gaban kowa a ga nawa ke shiga nawa, don wanda ke bin bashin mudu goma tun bara ya san abin da zai karɓa. Garin ga tun zamanin su Shehu an san muhimmancin mai duba mudu da sikeli a kasuwa, kuma kowane yaro da ya yi allo ya san surar da ta yi magana kan masu tauye awo. Ban jingina maku ita ba, Allah shi kiyaye, ina nuna maka ne yadda maganar awo take da nauyi a zuciyar mutanenmu. Ku kun kawo sabon mudu kun ɗauke tsohon kun shige da shi ɗaki. Yau in na tambaya, da ma'aunin da ya ba da 33.3, yanzu nawa muke, mun ƙaru ko mun ragu, ba inda zan duba in gani. Ko wanda ya riƙe kujerar nan taka shekara goma, Dakta Yemi Kale, ai ya fito fili ya nuna bai gamsu da batun awa ɗayar nan ba.

Ba mu gama haɗiye wannan ba sai ga na hauhawar farashi. Disamban 2024 kashi 34.80, Janairun 2025 kashi 24.48. Wata guda. An ce an sabunta kwandon kayan da ake aunawa don tsohon na 2009 ne, lokacin ko data ba a saye kamar yanzu, kuma gaskiya ne ya tsufa. Amma a sabon an rage nauyin abinci daga sama da rabi zuwa wajen kashi 40, alhali gidajen da na sani a nan abin da ke shigowa kusan duka ciki yake tafiya. Dattijonmu da anka gaya mashi cewa ya yi, "Su gaya ma mai awon gero, ni na ji." Sannan tsakiyar 2025 anka sake lissafin girman tattalin arzikin ƙasa shi ma ya ƙaru a takarda. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai akwai hujja mai kyau. Amma mudu uku anka canza cikin shekara biyu kuma duk ukun sun faɗo ta gefen da mai mulki zai ji daɗi, ko waliyyi ne ke riƙe da alƙalamin sai an yi zargi. Ga shi rabon da a ƙirga mu tun 2006, to kashi kaza cikin ɗari na mutum nawa ma ake magana?

Kasuwar hannun jari na san ba gonarka ba ce, tana Legas da masu ita, amma bari in taɓa ta don a teburinmu tare ake kawo su, a ce ga aiki ya samu ga kasuwa na hawa. Gaskiya ta hau. Ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya rufe 2022 a dubu 51 da 'yan kai, ya tsallake dubu 100 a Janairun 2024, ya rufe shekarar a wajen dubu 102, ninki biyu ke nan cikin shekara biyu, kuma 2025 ma ta ci gaba da hawa. Wanda ya riƙe hannun jari mai kyau ya fi wanda ya aje naira a ƙarƙashin katifa nesa ba kusa ba, wannan ba gardama. Sai dai cikin waɗannan shekaru biyun dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Wanda ya shigo da dala ya saya a farkon 2023, a takarda kuɗinshi sun ninka, in ya mai da su dala a ƙarshen 2024 abin da ya zo da shi ma bai cika ba. Mu nan ba sai an je ga dala ba, sefa ce madubinmu, duk mai zuwa Illela da Konni ya san yadda naira ta koma a hannun ɗan canji. Kuma a daidai lokacin da ma'aunin ke hawa ne kamfanin magani na GSK ya ce ya tattara, P&G mai kayan wanki da na jarirai ta daina sarrafa kaya a nan, MTN da girmanta ta bayyana asara a 2023 saboda faɗuwar naira.

Wani abin kuma, ma'aunin nan 'yan kamfanoni ƙalilan ke jan shi, simintin Dangote, BUA, MTN, Airtel da manyan bankuna. In sunka ɗaga sai a ce kasuwa ta ɗaga ko da sauran na kwance. Ɗaya daga cikinsu ma a bayan gidanmu yake, kamfanin siminti na Kalambaina da iyayenmu ke da takardun hannun jarinshi tun ana ce mashi simintin Sakkwato, yanzu ya narke cikin BUA Cement. Ina saida kayansu, ina murna in sun ci riba. Amma hawan hannun jarin kamfanin siminti bai gaya mani ko magina nawa sunka fita aiki yau a Arkilla ba, wannan a littafin shagona nike gani. Ga kuma da yawa cikinmu ba su taɓa hannun jarin bankin ruwa ko kamfanin giya saboda addini, to abin da ya rage masu a kasuwar bai da yawa, shi ya sa da gwamnati ta fara fitar da sukuk, wato takardun jari marasa ruwa, a 2017 wasunmu sunka ji daɗi.

Kuma kada a manta mu an taɓa sarar mu. A 2007 na saida fili na sayi hannun jarin wani banki, lokacin kowa saye yake, malaman makaranta, 'yan fansho, har bashi ake ba mutum ya saya. Ma'auni ya haura dubu 66 a Maris 2008, kafin shekara ta zagayo ya dawo kusan dubu 20. Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi na gwamnan Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, sannan munka gane ribar da ake buga mana a jarida da abin da ke cikin littafi ba ɗaya ba ne. Filin nan yau gidaje ne a wurin, in na bi ta unguwar nikan kau da kai. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle, to mu lamba mai kyau fiye da kima ita ce tsummanmu.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne masu wagga cuta. Amurka da ake ganin alƙalumanta kamar yankan wuƙa, duk wata ana fitar da adadin ayyukan da anka samar, kasuwannin duniya na jira kamar ganin watan sallah. Ranar 1 ga Agustan 2025 hukumarsu ta ce ayyuka dubu 73 kawai anka samu a Yuli, kuma na Mayu da Yuni da ta faɗa a baya ta zabtare dubu 258 daga ciki. A ranar Trump ya kori matar da ke shugabantar hukumar. Gyara an saba da shi, amma daga ranar duk lambar da ta fito sai an tambaya ta gaskiya ce ko ta tsoron kora ce. Chaina kuma da rashin aikin matasa ya kai kashi 21.3 a Yunin 2023 sai kawai sunka daina fitarwa, bayan watanni sunka dawo da sabon lissafi wanda ya cire ɗalibai, lamba ta sauko. Kai, tsohon firaministansu Li Keqiang tun yana shugabancin wani lardi an ruwaito shi da kanshi bai dogara da alƙaluman lardin ba, wutar lantarkin da anka sha yake dubawa, da kayan da jirgin ƙasa ya ɗauka, da bashin da bankuna sunka bayar.

Da na karanta wannan dariya na yi don dattijonmu haka yake yi bai san sunan kowa ba. Shi lissafinshi tirela nawa ta sauke siminti a mako, awaki nawa anka kawo Kara kuma masu su don biki suke saidawa ko don yunwa, mota nawa ta tashi da samari zuwa kudu bayan girbi, da ko mai shayi ya fara yanka burodi gida huɗu. Yana aiki, amma iyakarshi inda idonshi ya kai. Ba ya gaya mashi abin da ke faruwa a Aba ko Ibadan, kuma aikin da anka kafa hukumarku don shi ke nan, ku zama idon wanda bai je ba. In mun daina yarda da ku kuɗin ba ɓacewa suke ba, fili suke komawa da sefa da zinari da hatsin da ake kullewa a sito, abubuwan da ba su ɗaukar ɗan kowa aiki. Wasu kuma su faɗa hannun 'yan damfara, an ga MMM a 2016, an ga CBEX a 2025, don in bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga.

Roƙona ba mai yawa ba ne ranka shi daɗe. Ku ci gaba da sabon ma'auninku don duniya, amma duk sanda za ku fitar ku aje mana na tsohon a gefenshi, ai kuna tambayar mutane awa nawa sunka yi, lissafin na hannunku. Kuma a shafin farko, wanda 'yan jarida ke ɗauka, a sa nawa ne ke da albashi tsayayye, nawa ne ke aiki amma abin da suke samu a wata bai kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ba, don wannan ne ke gaya mani ko za a sayi kwanon rufi bana. A riƙa rarraba mana jiha-jiha a kai a kai, Sakkwato ba Legas ba ce. In an sa ranar fitar da rahoto a fitar a ranar ko ya yi daɗi ko bai yi ba, shirun nan na sama da shekara biyu da anka yi kafin Agustan 2023 ya yi maku ɓarna fiye da yadda kuke zato. Sannan don Allah ku turo mutum guda mai jin Hausa ya zauna a gidan rediyon Rima a buɗe layi mutane su tambaye shi, ya yi bayanin awa ɗayar nan da bakinshi, ya sha tambayoyi ya ba da amsa. In kun yi haka ku ma kun sami garkuwa, ranar da wani mai mulki zai so a lanƙwasa mashi lamba jama'a ne za su tsaya maku.

Af, ban gaya maka yadda zaman namu ya ƙare ba. Rabin kuɗin albasa za a saya, wani kaso a ƙara siminti a sito, sai ɗan abin da ya rage dattijo ya ce a ba yaro ya gwada hannun jarin nashi, da sharaɗin ba banki ba giya, kuma duk Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo shago ya karanta mana abin da kasuwa ta yi. Mun yanka mashi ɗan alawus na wannan awa gudar. In ma'aikatanka sun biyo ta unguwarmu da tambayoyinsu a ja masu kunne, yaron ga an riga an ƙirga shi a teburin POS, kada a sake ƙirga shi a shagona.

Wassalam. A gaida ma'aikata.

Naka,
wani mai saida kayan gini, Sakkwato